Ta Share Ni

Shekara goma sha tara ina share titi a ƙasar mutane. Layi shida ne nawa, daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin kasuwa. A gida ba wanda ya sani. Na ce musu a ofishin kula da tituna nake aiki, kuma ba duka ne ƙarya ba, tunda ofishin ne ya ba ni tsintsiyar. Duk shekara nakan sa kwat, in tsaya gaban ginin, a ɗauke ni hoto in aika wa ƙanena. Shi kuma ya zaga da shi dangi.

'Yata ce mai ɗaukar hoton. Tana shekara takwas muka zo da ita, ni da uwarta. Uwar ta rasu a shekara ta biyar, muka rage mu biyu a ɗaki biyu. Tun tana ƙarama take zane: bayan ambulan, kwalin takalmi, har bangon ɗaki, sai da mai gidan ya yi mana kashedi. Na doke ta, ba ta bari ba. Da ta girma ta shiga wanke-wanke a wani gidan abinci, ta sayo kyamara ta hannu, daga baya kwamfuta. Sai yawon gari, tana ɗaukar gada da bango da masu jiran bas. In ta dawo ta zauna gaban kwamfuta, ta cire wannan, ta ƙara wancan, ta mai da sama ja.

Na ce, "Wannan shi ne aiki?"

"Aiki ne, Baba."

"Mai wanke kwano dai ana ganin abin da ya wanke."

Wata Talata da hantsi ina layi na huɗu ƙanena ya kira. Tun kafin ya gaishe ni na ji dariya a bayansa, ba ta mutum ɗaya ba.

"Yaya! Ranka ya daɗe, shugaban tituna! Ashe biron ofishin naku da tsawo haka? Har da gashi a baki?"

Na ce ban gane ba. Ya ce in duba waya.

Hoton wani mutum ne cikin rigar aiki mai ruwan ɗorawa, ya sunkuya yana shara. Ba shi da kai. Inda kan yake, tattabaru ne suke tashi. An rubuta a ƙasa cewa hoton ya ci gasa, an rataye shi a wani zauren nuna zane, ga sunan 'yata. Amma hannun dama yana kan tsintsiya, an fito da shi fes. Ƙaramin yatsana guntu ne, injin niƙa ya cinye rabinsa ina saurayi. A garinmu Tara-da-rabi ake kirana. Ko makaho ya shafa hannun nan ya san na wane ne.

Na ƙarasa layukana. Ba na barin aiki rabi.

Da na koma na same ta tana dafa shayi. Na ajiye wayar gabanta.

Ta ce, "Na cire fuskar, Baba. Kwana huɗu na yi ina cire ta."

"Yatsan fa?"

"Ai yatsan ne hoton. Hannun nan ne ya ciyar da ni. So nake a gan shi."

"An gani. Har matar baffanki ta gani."

"To mene ne a ciki? Sata ka yi?"

Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba sai ran nan. Na ce, "Ki share ni daga hotonki. Duk inda nake, ki share ni. Ba na son in ƙara ganin kaina a hannunki."

Washegari na ɗauki kyamarar daga kan tebur na fita da ita cikin jakar abincina. Motar shararmu irin mai matsewa ce. Na jefa, na ja ƙarfen da kaina, na tsaya har na ji ƙarar gilashin. Direban ya leƙo ya ce me na jefa, na ce tarkace.

Da yamma na gaya mata, don ni ba na ɓoye abin da na yi. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kamar yadda take duban bango kafin ta ɗauka, ta ce, "To, Baba."

Kwana uku tana ɗakinta gaban kwamfuta. Tana fitowa ta dafa abinci, ta gaishe ni, ta koma. Na ɗauka ta yi laushi. Rana ta huɗu na dawo daga aiki, ɗakinta ba komai sai katifa, makulli kan tebur.

Hoto uku ne a bangon falonmu, kuma suna nan inda suke. Sai da na zauna na cire takalmi na lura. Na ranar aurenmu: uwarta zaune ita kaɗai, gefenta labule. Hannuna da ke kafaɗarta babu, mayafin ya kwanta sumul kamar ba a taɓa dafa shi ba. Na ranar da muka sauka: uwa, 'ya, akwati biyu. Na makarantarta: ita da takardarta, ta jingina da iska. Kusa da makullin akwai ambulan, cikinsa hotunan kwat ɗina duka. Gini ne kawai da matakala. Hotunan asali kuwa ta tafi da su.

Na sa tabarau, na kai su bakin taga ina neman inda ta yi kuskure. Ko inuwata ba ta bari a ƙasa ba. Na san shara. Na yi aiki da mutum ya fi ɗari, ban ga wanda ya share wuri haka ba.

Lambarta tana wayata. Ban kira ba. Ita ce ƙarama.

Bana ƙanena ya aiko yana tsokana, wai ina hoton ofis. Na zaɓi ɗaya daga ambulan na aika masa.