Ganye a Bakin Gwangwani

Shekarar da soji suka karɓi mulki, gero ya gagari talaka, ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Allah ya yi mata rasuwa bara. A cikin kwanakinta duka, rana ɗaya na fi tunawa.

Su uku suka ƙera robo don gasar makarantu, ita da 'yan ajinsu Mumuni da Hamidu. Wata 'yar na'ura ce mai taya huɗu, girman tukunyar miya, mai tafiya da kanta. Aikinta ta ɗauki gwangwani cike da ruwa, ta yi mita goma, ta kewaye bulo, ta tsaya, ruwan bai sauka ƙasa da jan layin da aka zana a cikin gwangwanin ba. Waɗanda suka ci gasar za su shiga makarantar injiniyoyi ba jarrabawa. Ita kuwa ba ta da wani buri sai wannan.

Wata biyu suna fama a tsakar gidanmu a Banifandou. Da fari robon kifewa yake a kwana, suka sauke batir ɗin ƙasa, ya daina. Taya na santsi, suka naɗe ta da roba. Amma da yashi suka yi ta gwaji, don pampon unguwarmu ya ƙafe, ni kuma na hana a taɓa randa. Yashi ba ya kaɗawa kamar ruwa. Ba wanda ya yi wannan tunani, har ni.

A farfajiyar makaranta aka yi gasar. Iyaye muna bayan igiya, soja na tsaye gabanmu. Alƙalai malamai biyu ne da wani kaftin. Sau uku ake gwadawa. Na farko, robon na tsayawa, ruwa ya watse. Na biyu suka rage gudu, ya sake zuba a kwana. Aka ba su minti biyar su gyara. Na hango ta sunkuye a kan wayoyin robon.

Tun ina shekara bakwai nake ɗebo ruwa a ka. Na miƙa hannu na tsinko ganyen dogon yaron da muke ƙarƙashinsa.

"Ke," na ce. "Ke yarinya."

'Yan mata biyar suka waigo, ban da ita. Uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ni ma shekara goma sha takwas ban taɓa ba.

Sojan ya ce, "Hajiya, koma baya."

"Ɗana, ganye ne."

"Saura minti biyu," in ji wani malami.

Na rufe ido. "Balkisa!"

Ta ɗago kamar an mare ta. Ta zo bakin igiya da gudu. "Inna, ashe kin san sunana."

"Rufe min baki. Sa wannan a kan ruwan, ya yi iyo."

Mumuni ya ce, "Inna, robon ba zazzaɓi yake ba."

"Kai da ba ka taɓa ɗaukar bokiti ba, yi shiru."

Malamin wata makaranta ya tashi ya ce ba a yarda da ƙari daga waje ba. Kaftin ya karɓi takardar dokoki yana dubawa, shafi bayan shafi, ba ya sauri.

"Babu maganar ganye a nan," ya ce. "Su ci gaba."

Ta shimfiɗa ganyen a kan ruwan, ta danna maɓallin kunnawa. Robon ya tafi. A kwana ganyen ya karkata, ɗigo biyu suka sauka. Ya miƙe, ya isa, ya tsaya cak. Ruwan ya taso bakin gwangwani, ya koma.

Kaftin ya durƙusa da gwiwa ɗaya a ƙasa, ya cire ganyen ɗaya bayan ɗaya, yana karkaɗe kowane a cikin gwangwanin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira malamin da ya yi ƙorafi.

"Malam, zo ka faɗa da bakinka."

Mutumin ya sunkuya, ya gyara tabarau.

"Yana kan layi," ya ce.