Saniyar Leda

Tun da ciwon huhu ya share garken Malam Dabo a ƙauyensu na wajen Mashi, aka ɗauko shi aka kawo Daura gidan 'yarsa Murjanatu, amma hankalinsa bai biyo motar ba. Wuni yake a tsakar gida yana kallon ƙofa. In an kawo abinci sai ya ture, ya ce ba zai ci ba sai farar saniyarsa ta shigo. An sha rubutu, an je asibiti, tsoho sai ƙara zubewa yake yi.

Murjanatu mai zoɓo ce, ita da leda sun san juna. Da dabara ta ƙare mata, sai ta sayo farar leda mai faɗi, irin wadda ake rufe buhunan hatsi da damina. Ta yanka, ta ɗora tsumma a bakin, ta bi da dutsen guga har ya manne. Mijinta Sada ne mai hurawa da famfon babur, yana yi yana mita.

Saniyar farko da ta haɗa ta fito kamar kabewa mai ƙafafu. Ta biyu ta fashe tun ba a kai wuya ba. Wata kuma tozonta ya koma gindi, har Sada ya ce wannan ko a kasuwar Mai'aduwa ba mai taya ta. Maƙwabciya ta leƙo ta ce yin siffar mai rai babu kyau. Murjanatu ta ce ta sani, za ta nemi gafara, amma bari ubanta ya fara cin abinci tukuna. Yatsunta duk sun ƙone, kuma tsoro take ji sosai.

Ran da saniyar ta tsaya da ƙafafunta, da hantsi suka turo ta ta ƙofa. Idon Malam Dabo ya yi rauni, farin kawai ya hango. Ya miƙe, mutumin da sai an ɗaga shi, ya je ya dafa tozon yana yi mata faɗan daɗewa. Sannan ya ce a dama masa fura. Ya sha ludayi biyu a tsaye. Murjanatu na riƙe da ƙwarya.

Sai hannunsa ya kai kunnen hagu, ya tsaya. Duk saniyar gidansu tun kakanni tsaga biyu gare ta a nan, shaidar da ake gane ta ko ta shiga garken wani. Murjanatu ta taso tana riƙe maruƙa ana yi musu, amma sam ta manta. Kafin ta ajiye ƙwaryar, ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu ya gyara kuskuren.

Iska ta fara fita. Saniyar ta durƙusa a hankali, wuyanta ya lanƙwashe.

"Murja, ta kwanta," in ji shi. "Riƙe mini ƙafafun, kada ta tafi mushe."

Ta dubi Sada, Sada ya sunkuyar da kai. Ba yadda ta iya, ta durƙusa ta riƙe leda. Tsoho ya juya kan wajen alƙibla, ya yi bismillah, ya yanka. Ya goge wuƙar, ya ce a raba wa maƙwabta, kada a manta da gidan liman.

Ta miƙa masa sauran furar. Ya ture, ya koma tabarmarsa ya ci gaba da kallon ƙofa.