Da Sauƙi, In Ji Falalu

Gaisuwa ce ta kashe ƙanena Falalu. An tambaye shi jiki, ya ba da amsar da kowa ke bayarwa, aka yarda.

Ciwon daji ne ya kama shi can ƙarshen hanji. Mu a Gwiwa basir muka ɗauka, sai da jinin ya ƙi tsayawa na goya shi a babur zuwa Kazaure, daga nan aka tura mu Kano. Aka yanke wurin, ya miƙe, har ya koma gona.

Da muka koma a duba shi, likitar, wata mai suna Zulaikha, ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta nuna mana wani ɗan ɗigo fari.

Na ce, "Likita, ciwo a hanji, me ya kai shi huhu?"

Ta ce, "Baba, jini yake bi. Na saman hanji yakan fara yada zango a hanta. Irin nasa na ƙasa yakan zarce huhu. Wannan ya yi ƙanƙanta, ban tabbatar shi ne ba tukuna. In shi ne, ɗaya a gefe ɗaya, ana cirewa mutum ya yi shekaru. In ya bazu gefe biyu, wuƙa ba ta da aiki. Ku dawo a sake hoto bayan damina. Amma in tari ya zo, kada ku jira."

Ruwa ya sauka, tari ya zo. Matarsa Shatu ce ta faɗa mini, shi bai faɗa ba. Muna zaune a zaure ina masa faɗa sai ga kiran likitar.

"Malam Falalu, yaya jiki? Babu tari?"

Ya haɗiye tarin ina kallonsa. "Da sauƙi, alhamdu lillahi. Yaya aiki? Yaya mutan gida?"

Kafin in fizge wayar ya kashe.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Tambayar likita gaisuwar maƙwabci ce?"

"Yaya, baiwar Allah ta kira ta gaishe ni, sai in hau ƙorafi? Kai da ƙafarka ta karye, me kake ce wa masu dubiya?"

"Ƙafa ce, kowa na ganinta, sakarai."

Ya yi dariya har tarin ya ƙwace masa. Na ce gobe Kano. Ya ce sai ya gama maimai, ciyawa ta ci gonar. Bayan maimai ya ce sai an yanke gero. Ni kuma ba yadda zan yi da shi, magidanci ba akuya ba ne da za a ɗaure a bayan babur.

Da ya yarda muka je, ko matakalar asibiti bai iya hawa ba sai da na tallafe shi. Hoton ya fito fari-fari dama da hagu. Likita ta ce kaluluwar tsakiyar ƙirji ma ta kamu, magani zai iya ja masa lokaci kaɗan, shi ke nan.

Falalu ya ce, "To a cire babban mana."

Ta ce, "Wanne ne babban?"

Muka dawo gida. Kwanciya ta gagare shi, da ya kwanta numfashi ke tsayawa, sai muka jingina shi da buhunan hatsi. A zaune ya cika, bai kai arba'in da biyar ba. Ya bar Shatu da tsohon ciki.