Buhunan Baba Ɗanmaraya

Mai kakin da ke tsaron iyaka ya soka ƙarfe cikin buhun, ya zaro, ya shinshina.

"Direba, mi ne ne wanga?"

"Ƙasa ce, ranka shi daɗe," in ji Lado.

"Ta Najeriya ta ƙare ne, sai an ɗauko ta Nijar?"

Aka yi dariya, aka buɗe masa hanya. Shekara goma sha biyu Lado yana jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Wannan ne buhu na huɗu da ya shigo wa maƙwabcinsa da shi, kuma na ƙarshe.

Maƙwabcin, Baba Ɗanmaraya, tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Yana da dashen kashu arba'in cikin ledoji a bayan gida, suna jiran ruwa ya zauna. Ƙasar kuwa daga gindin tsofaffin itatuwan kashu ake ɗebo ta, a wata gona a Ɗan Isa. An sayar da gonar, masu gawayi sun riga sun shiga da gatura.

Lado ya same shi kwance a zaure, ƙafafu a kumbure. Tsohon ya cusa hannu cikin buhun, ya murza danshin, ya nuna masa wasu fararen zaruruwa, sirara kamar saƙar gizo-gizo.

"Masu rai ne, Lado. Wasu ma ido bai ganinsu. Su ke kama saiwa, su jawo mata ruwa da abinci. Dunƙule guda kowane rami. Kada rana ta taɓa ta. In ruwa ya iske ba ni, kai za ka dasa."

"Haba Baba, kai za ka dasa abinka."

Ran Talata da hantsi tsohon ya cika.

Shekara ta biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a a jihar, samarin unguwa sun kafa kwamitin sa ido. Magana ta daɗe tana yawo cewa tsohon yana tara ƙasar kabari a ɗaki mai duhu, yana yi mata yayyafi. Matarsa Salmatu ta ɗora ruwan wankan gawa ke nan, sai Nasiru, shugaban kwamitin, ya yi sallama da mutum biyar.

"Taimakonshi muka zo yi, Iya," in ji Nasiru. "Kada a kai shi da wanga abu a wuya."

Lado ya tare ƙofar ɗakin. "Ni na ɗauko ta da motata. Ƙasar gindin icce ce."

"Ƙasar gindin icce ake rufe wa ɗaki? Tsakaninka da Allah, Malam Lado, bai ce akwai masu rai a ciki ba, waɗanda ba a gani?"

Lado ya dubi zauren da gawar take, an lulluɓe ta da zane.

"Ya ce."

"To, kun ji."

Suka jawo buhunan tsakar gida, suka zazzage a rana. Suka karɓi rariyar Salmatu suka tankaɗe ƙasar, suna neman ƙashi ko laya. Abin da suka samu: guntun saiwa, buzuzu biyu, da fasasshen kasko. Wani ya ce ai rashin ganin komai shi ne shaidar sihirin. Suka zare itacen da ke ƙarƙashin tukunyar ruwan, suka jibga a kan tulin ƙasar, suka tuttula kananzir.

Lado ya lura Nasiru ya ja baya daga zafin wutar, ya raɓe a inuwar darbejiyar da mamacin ya dasa. Lado ya tofar da yawu.

Da ruwa mai sanyi aka wanke Baba Ɗanmaraya. Wajen salla Nasiru na sahun gaba, kuma muryarsa ta fi ta kowa a wurin "Allah shi jiƙan shi." Da ya miƙo hannu a maƙabarta, Lado ya sunkuya yana gyara takalmi har ya wuce.

Bayan la'asar Lado ya koma gidan. Salmatu ta yi magana daga bayan labule.

"Lado, akwai abin da ya saura?"

Ya tsuguna, ya tona tulin har ƙasa. Ko'ina ja ne, busasshe, da ɗumi.

"Babu, Iya."

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Wata kaza ta hau tulin, ta yi tono sau biyu, ta karkata kai ta duba, ta sauka ta yi gaba.