Zakarun Huseina

Lokacin da Huseina ta rasu, kazarta tana kwance a kan ƙwai. Mijinta, Malam Babandi, bai san da zancen ba sai bayan an watse daga zaman makoki, da ya zagaya bayan ɗaki ya ji kukan 'yan tsaki. Shi dillalin shanu ne a kasuwar Akinyele, kaza kuwa a cikin miya ya fi saninta. Amma ciwon gwiwa ya zaunar da shi, gidan kuma ya yi masa faɗi, sai ya ɗauki kwanon dusa ya ci gaba da ba su.

Damina ta kashe wasu. Huɗu suka rayu, kuma duk zakaru: wani ja mai faɗin ƙirji, biyu wake-wake, da wani fari ɗan tsamurmuri.

'Yarsa Kausar tana aure a unguwar Mokola, takan hau keke ta kawo masa tuwo ranar Juma'a. Da ta ga sun fara tasawa, ta dubi ɗan filin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

"Baba, wurin nan ba zai ɗauki zakaru huɗu ba. Kajin mata uku ne kawai. Inna ɗaya take bari, sauran ta yanka tun ba su fara cara ba."

"Da hannunta ta jera wa kazar ƙwan nan," in ji shi. "Ba zan sa musu wuƙa ba."

Kausar ta kwashe kwanukanta.

Da farko Malam Babandi ya ɗauka wasa zakarun suke yi. Sannu a hankali jan ya mallake wurin. Ba mai kusantar kwanon dusa sai ya ƙoshi. Wake-waken biyu in sun sha duka a wurinsa sai su huce a kan farin, har ya koma kwana a bayan duron ruwa. Kajin matan ma ba su tsira ba. Bayansu ya fige, fata ta fito ja, suka daina ƙwai.

Malam Babandi ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya raba wurin da tsohon kwanon rufi, jan ya tashi ya tsallake. Ya ɗaure shi da igiya a ƙafa, wake-waken suka samu sarari suka kama juna. Farin kuwa ya saba da shi, yakan zo ya ci tsaba a tafin hannunsa, ya laɓe a ƙarƙashin kujerarsa.

Wata Talata ya tafi asibiti a duba masa gwiwa. Layi ya yi tsawo, bai dawo ba sai bayan azahar. Ya tarar jan ya tsinke igiya. Farin yana kwance a gefen makwarara, ido ɗaya babu, kansa duk jini, yana buɗe baki yana rufewa.

Ya ɗauke shi, ya wanke masa kai da ruwan ɗumi, ya shafa man kaɗanya. Zakaran bai iya ɗaga wuya ba. Malam Babandi ya san dabbar da ba za ta tashi ba, aikinsa ke nan shekara da shekaru. Ya aika aka miƙo masa wuƙa daga maƙwabta, don tasa ta yi tsatsa. Gwiwa ba ta bar shi ya tsuguna ba, a zaune ya yi bismilla ya yanka. Naman ya ba masu wuƙar.

Ya yi zaton abin ya ƙare. Washegari da hantsi ya ga jan da wake-wake ɗaya sun rutsa ɗayan a bayan duron nan.

Ya kira Kausar a waya.

"Ki ce wa mijinki ya zo ya ɗauki biyu. A yi wa uwarki sadaka da su."

Abdulsalam ya zo a okada, babur ɗin haya, bayan la'asar, ya durƙusa ya gaida surukinsa.

"Baba, wanne za a bari?"

Malam Babandi ya daɗe yana kallon jan. A ransa shi ya fi so a fara ɗaurewa. Amma kajin matan a bayansa suke tafiya, shi ke kiran su in ya tono abu.

"Bar wancan," ya ce.

Abdulsalam ya ɗaure ƙafafun wake-waken, ya fita da su kai a ƙasa.

Bayan 'yan makonni gashin kajin ya fara tsirowa, ɗaya ta koma ƙwai. Kausar ta ce Alhamdu lillahi, wurin ya yi kyau. Ya ce haka ne. Kullum da safe yakan zuba dusa daga bakin ƙofa ya juya, kujerarsa kuma ya sa an mayar masa da ita zaure.