Ƙyalle a Cikin Takalmin Auta

Akwai mutumin da in ya biya kuɗi sai kunnensa ya toshe, ba ya ƙara jin kowa sai aljihunsa. Wannan hali shi ya kayar da wani tela.

Telan nan yana da 'ya mai shekara shida, ana ce mata Auta. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta shige ƙarƙashin teburin yankansa, tana tsince masa allurai tana zuba surutu. Wata rana mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya kai iyalinsa babban filin wasan bayan gari, ya dawo yana cusa wa kowa waya a ido, wai ga shi a jirgin nan mai hawa sama ya kife da mutane. Tela ya haɗiyi abin kwana uku. Ran na huɗu ya sayar da kekensa na surfani, ya sayi tikiti uku.

Suka tarar da jama'a kamar an juye su daga buhu. Gorar ruwa ɗaya kuɗin ɗinkin wando. Suna shiga Auta ta hangi tafki da ƙananan kwalekwale masu siffar agwagwa, ta ja hannunsa.

"Baba, agwagwa! Ita nake so!"

"Agwagwa? Don agwagwa na rabu da kekena? Wuce mu je babban."

A bakin layin babban jirgin an kafa sanda mai jan zane: yaron da kansa bai kai zanen ba, ba ya hawa. Matarsa ta dubi sandar, ta dubi 'yar.

"Maigida, yarinyar nan ba ta kai ba."

"Ke ce tela ko ni? Yatsa biyu ne kawai ya rage."

Aljihun tela ba ya rabo da ƙyalle. Ya tsuguna ya ninka guntaye, ya danna su cikin takalman Auta, ya tura ƙafafunta da ƙarfi, ya ɗaure igiya tam. Har ya ji daɗin dabararsa.

Awa uku suka yi tsakanin shingayen ƙarfe, rana na dukansu, a matsa taku biyu a tsaya.

"Baba, ƙafata."

"Yi shiru, mun kusa."

"Ƙarfe biyar fa suke rufe tafkin," in ji matar.

"In mun fita layin nan wa zai mayar mana da wurinmu? Ke?"

Da suka kai gaba, mai tsaron ƙofa ya ga yarinya na ɗingishi, ya ce a cire mata takalmi. Ƙyalle kala-kala ya zubo. Safarta ta manne da dunduniya, jini ya bushe a jiki. Nan ma akwai irin sandar; ta tsaya jikinta, jan zane yana sama da kanta.

"Malam, ba don mugunta muka kafa sandar nan ba," in ji mai tsaron. "Ƙarfen kujera ba zai riƙe ta ba. In jirgin ya kife, ta ƙarƙashinsa za ta sulluɓe."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Wannan tela ne! Maigida, warware mata kalmasa ko ta ƙara tsawo!" Layi ya kwashe da dariya.

Tela ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Ta zille, ta ɓuya a bayan uwarta. Uwar ta goya ta, suka nufi tafki. Suka iske an jera agwagwan an zarge su da sarƙa, mai kula da su yana kulle ƙofa. Auta ba ta yi kuka ba. Kallo kawai ta yi.

Ga abin da telan ya rasa. Keken surfani ya tafi, masu kawo masa aikin surfani sun koma wani shago. Tikiti uku, ba wanda ya hau komai. Mako biyu yarinya ba ta sa takalmi ba. Da ƙafar ta warke kuma, ba ta sake shiga ƙarƙashin teburinsa ba. Yanzu in allura ta faɗi, shi ke sunkuyawa ya nema.