Bokitan Firdausi

Malam Lawwali yana ɗauraye bokiti na shida ne Firdausi ta shigo gidan, ta tsaya cak.

"Baba, mi kay yi?"

"Aikin da ya kamata ki yi. Baƙo daga jami'a zai shigo gidan tsohon duba-gari, ya iske ruwan kwata a tsakar gida?"

Wata uku ke nan 'yar tasa tana kiwon ƙwayoyin halitta a cikin bokitan nan. Suna cin ƙazantar ruwan, suna sakin 'yar wutar lantarki ta waya, allurar ma'auni tana motsi. Wannan shi ne aikinta na kammala digiri, kuma da la'asar malaminta zai iso Wurno ya gani da idonsa. Mahaifinta ya zubar da komai, ya bi da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, cikin ƙwarewar shekara talatin.

Ta haɗa wayoyin. Allura ko gezau. Ta sake haɗawa, ta leƙa zaure, ta dawo, ta duba agogo.

"To a ɗebo wani ruwan mana," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba kowane ba, Baba. Sai baƙar laka wadda ta daɗe kwance, iska bai taɓa ta ba. Ko ita, ban san ko ta ba da wuta kafin la'asar ba."

Duk garin, babu wanda ya kai Malam Lawwali sanin inda irin wannan yake. Kwatar bayan mayanka: sau goma sha ɗaya ya rubuta rahoto a kanta, sau goma sha ɗaya aka yaba masa kyan rubutu.

Ya naɗe hannun riga, ya rataya bokiti biyu, ya tare ɗan kabu-kabu.

A mayanka, Isa mahauci yana wasa wuƙa ya hango shi.

"A'a, Malam! Ba an ce kun yi ritaya ba? Wallahi gobe-goben nan muna yashe kwatar nan."

"Shekara nawa kana ce mini gobe?"

"Wannan karon da gaske ne."

Malam Lawwali ya tuɓe takalmi, ya ajiye hularsa a kan dakali, ya dubi baƙar lakar tana tsattsafo da kumfa.

"Isa," ya ce, "don Allah kada ku taɓa ta."